Shekarar da Inna ta Koma Gwiwa

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don ni ba kurma ba ne. Kuna cewa uwarku ce ta hana kakarku zama a gidan nan, shi ya sa kuka tashi ba ku san ta ba sai in an kwashe ku an kai Gwiwa da hutu. Ban san wanda ya dasa muku wannan magana ba, amma ƙarya ce tsagwaronta. Uwar taku Rabi ta haɗiye ta har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kare kanta ba, Allah ya ji ƙanta. Yanzu duk masu jin kunyar zancen sun tafi, saura ni, ni kuma tsufa ya cinye tawa kunyar. To ku saurara, kada wanda ya katse ni.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kakar taku. Ku a wurinku wannan ba komai ba ne, tunda na ga yadda kuke ɗora ɗan fari a cinya kuna kiran sunansa har maƙwabta su gaji. A wurin Inna kuwa babban abu ne. Bafulatana ce, daga gidan da suka zauna a Gwiwa suka haɗa kiwo da noma, aure ya kawo ta Roni, kuma kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, a Kazaure, can na girma. In na je Roni gaisuwa, durƙusawa nake a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan asabari. In na gaishe ta, sai ta ce wa duk wanda ke kusa, “Ki ce masa lafiya lau.” Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ina yaro “na Kazaure” nake, da na kama aiki na zama “mutumin Babura”. Amma kada ku ɗauka rashin so ne. Ba ta tashi ta bar ɗakin don na zo. Sai in zauna a inuwar ƙofa har la'asar ina jin ta tana hira da ƙanwata Asabe, tana dariya, tana ba da labarin shanun gidansu da ƙarfi fiye da yadda Asabe ke buƙata, ni kuma na san don wa ake ɗaga muryar. Can sai in ga an turo ƙwaryar fura ta ƙarƙashin asabari, an dama ta da kindirmo, ba a ce komai ba. Wannan zaman shi ne rabona na uwa, kuma wallahi ya ishe ni.

Tun ina ƙarami kowa a gidan ya san zuciyar Inna tana yin tsere. Tana cikin daka sai ta ajiye taɓarya, ta dafe ƙirji, ta nufi randa. Ta cika ƙwarya da ruwan sanyi, ta ɗauke numfashi, ta tsoma fuskarta a ciki. In ta ɗago sai ka ji ta yi ajiyar zuciya, ta koma kan turminta kamar ba a yi ba. Gwaggo ta ce iska ce, mahaifina kafin ya rasu ya ce tsoro ne irin na mata. Sai da aka tura ni Kano koyon aikin asibiti na ji bayanin. Malaminmu ya ce zuciya ba ta jiran umarnin kowa kafin ta buga, tana da ɗan lantarkinta da take kunnawa da kanta, shi ne yake bin namanta ya sa ta matse ta tura jini. Amma akwai jijiyoyi iri biyu da ke riƙe da linzaminta. Wasu suna zuga ta in mutum ya firgita ko ya ɗauki gudu, wata doguwa kuma ta sauko daga kai ta bi wuya, ita aikinta taka birki. Ya ce ruwan sanyi a fuska da riƙe numfashi suna tayar da mai birkin. Ban san lokacin da na ce “Allahu akbar!” a cikin aji ba, har aka yi mini dariya. Da na zo hutu, don zumuɗi, na zauna a ƙofa na zayyana wa Asabe duka, ina sane da cewa ana ji daga ciki. Sai muryar Inna ta fito:

“Ki ce masa ya bar zancen jikina a cikin mutane.”

Daga ranar ban sake ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, an gama yaƙin basasa, kuɗin mai sun fara shigowa, kowa yana jin kansa. Ina riƙe da asibitin sha-ka-tafi a Babura, na sayi babur, na kuma fara gina gidan nan na Kazaure. Na ware ɗaki guda a can ƙuryar gida don Inna, ƙofarsa tana kallon gabas yadda ba za mu riƙa cin karo ba, kuma an samu ta amince za ta dawo bayan kaka. A shekarun nan ne masu tallar magani suka cika kasuwanni da lasifika, mutum bai san hagu da dama a jikin ɗan Adam ba amma yana sayar da ƙwaya kamar gyaɗa. Ƙafafun Inna sun ɗan kumbura da damina, sai wata maƙwabciya ta sayo mata ƙwayar fitsari a kasuwar Roni, 'yar ƙarama fara. Ta sha, ta yi ta zirga-zirgar makewayi, kumburi ya saɓe. Unguwa ta ɗauka, an samu magani. Ganin ya yi aiki, sai ta mayar da shi abin sha kullum. Ga shi kuma tun tana budurwa ba ta fashin shan filasko da tsamiya don wankin ciki, gadon uwarta ne. Ba wanda ya gaya mini ko ɗaya, tunda duk zancen jikinta ne.

Ranar wata kasuwar Babura ina cikin ɗaurin miki sai na ga Asabe a bakin ƙofa, ta biyo motar 'yan hatsi, goyonta a baya. Na san ba lafiya ba, don ba ta taɓa zuwa haka ba aike.

“Yaya, Inna ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba. Amma ni dai na kasa barci.”

“Faɗi mana, kina ja mini rai.”

“A zaune take salla yanzu. Ƙafafunta ba sa ɗaukarta, in dare ya yi kuma su yi ta murɗewa. Kuma abin nan nata na ƙirji, ruwa ya daina yi masa. Sau biyu tana tsoma fuska a ƙwarya sai ta tafi luu, ta faɗi a sume.”

Washegari Juma'a da hantsi na isa Roni. Na tarar da Kawu Buba, yayan Inna, ya riga ni, ya taho daga Gwiwa a kan kekensa. Asabe ta fito mini da gwangwanin da ake ajiye ƙwayar, ina gani na dafe kai. Akwai wani gishiri a cikin jinin mutum, likitoci na kiransa fotasiyam, ba shi ne na miya ba. Lantarkin zuciya da shi yake komawa daidai bayan kowane bugu, ya shirya wa na gaba. In ya yi ƙaranci, jiki ya mutu, ƙafa ta murɗe, zuciya ta riƙa bugawa ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwayar fitsari tana fitar da ruwa ta tafi da shi, shi ya sa mu a asibiti ba ma ba da ita sai da abokiyar tafiyarta mai mayar da abin da aka rasa. Filasko kuma yana kwashe shi ta zawo. Wato ta gaba da ta baya ake zuƙe Inna wata da watanni. A irin wannan hali, birkin ruwan sanyin da ya taimake ta shekara da shekaru shi ne ya zama haɗari, don in zuciyar ta yi jinkiri sai bugun banza ya samu sarari ya shigo. Na ce wa Kawu dole in ji bugun hannunta.

“A'a, ɗana. Koya wa Asabe, ta ji ta gaya maka.”

Na koya mata a hannuna, ta shiga, ta jima, ta fito.

“Yana bugawa dai, Yaya.”

Haushi ya kama ni har na ɗaga murya a gaban Kawu, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ai ko akuya aka taɓa za a ji yana bugawa. Sai ya juya ya shiga ɗakin. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, an daɗe. Daga nan sai na ga hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari, an lulluɓe shi da mayafi har wuyan hannu. Da wayona ban taɓa taɓa Inna ba sai ranar. Hannun sanyi ƙalau, ba nauyi. Na ɗora yatsuna. Bugun ya yi gudu, ya yi tuntuɓe, ya tsaya har sai da nawa numfashin ya tsaya, sannan ya zo biyu a haɗe. Na saki hannun na ce Kano, yau, ba gobe ba, don abin da take buƙata ba ni da shi a Babura, babu shi a Kazaure.

“Ki ce masa in kwana ya ƙare, a Roni ma akwai ƙasa.”

Kawu ne ya shawo kanta, amma da sharaɗi. Ya fito ya tsaya a kaina.

“Za ta je. Amma mata ne za su taɓa ta, kai kuma kana waje. Ka yi mini alkawari in kai mata.”

“Na yi, Kawu.”

Da zuciya ɗaya na yi shi, Allah ne shaidata. Muka samu akori-kura, aka shimfiɗa mata katifa a baya, Asabe na riƙe da kanta, ni da Kawu muna gaba. Mun shiga asibitin ana ta haramar masallaci, ma'aikata sun watse. Likitan da ke bakin aiki ɗan Indiya ne, baƙo, ko “sannu” bai gama iyawa ba. Nas ɗaya ce a ɗakin, 'yar kudu, Hausarta ta cefane ce. Tafintan asibitin ya tafi Juma'a, Kawu ma ya bi sahu. Sai aka ja labule, na tsaya a bayansa na juya baya. Likita ya tambaye ni da Turanci, in gaya wa Asabe, Asabe ta gaya wa Inna, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Sau nawa take fitsari, cikinta yana gudu ko ba ya yi, tun yaushe. Kowace tambaya sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa amsarta da ƙyar ake jinta. Duk da haka alkawari yana nan, ban ga ko gefen zaninta ba.

Likita ya aiki nas ta ɗauko ruwan ƙari a wani ɗaki. Fitarta ke da wuya sai na ji Asabe ta ƙwalla salati.

“Yaya! Inna ta tafi! Innalillahi, ta tafi!”

Likitan ya daka mini tsawa in shigo, ya san ni ma'aikaci ne. 'Ya'yana, na sha juya wannan tsayuwar a raina. Na tuna alkawarin, ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini uzurin mantuwa. Na tuna shi sarai, na ɗaga labulen na shiga. Inna tana kwance, idanu sun juye, leɓɓa sun yi baƙi. Likita ya dunƙule hannu ya buga mata a ƙirji, ya shiga dannawa, ya nuna mini na'urar zanen bugun zuciya da kai, ya ce in buɗe ƙirjin in manna wayoyin. Asabe ta durƙushe a ƙasa tana kuka, ba ta da amfani. Na yaye mayafin, na sassauta zanin, na shafa man, na shiga manna 'yan kofunan roban nan ɗaya bayan ɗaya a inda aka koya mini. Ina kan na ƙarshe, tafin hannuna a ƙarƙashin nononta na hagu, sai ta ja wani dogon numfashi ta buɗe ido. Ni ta fara gani. Tunda aka yaye ni ba mu taɓa haɗa ido ba sai a wannan hali. Ba ta ture ni ba. Hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta, ta juyar da fuska bango.

Na'urar ta zaro 'yar doguwar takardarta, likita ya duba ya nuna mini inda tudun da ya kamata ya biyo bayan kowane bugu ya kwanta, wani ɗan tudun da bai kamata a gani sosai ba ya taso. Ya ce tun kafin sakamakon jini ya fito ya san gishirin nan ya yi ƙasa ƙwarai. Aka ɗaura mata ruwa da shi a ciki, ɗigo-ɗigo, don ya ce in aka yi gaggawa ya yi yawa, shi ma tsayar da zuciya yake yi. Ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari, da mun ƙara kwana a gida da sai dai wani labarin. Na fita na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya, Kawu ya dawo daga masallaci ya same ni a nan. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Cikin 'yan makonni Inna ta miƙe, tana salla a tsaye, tana tafiya da ƙafarta. A Kazaure uwarku ta shafe ɗakin da farar ƙasa, ta jera ƙore, ta sa an ɗinko labule sabo, tana ta murna za ta samu mai riƙe mata Yayanku da ke rarrafe a lokacin. Ranar sallama Kawu ya ja ni gefe.

“Gwiwa zan wuce da ita.”

“Kawu, ɗaki fa yana can an gyara.”

“Na sani.”

“Mutuwa za ta yi a gabana, Kawu! Me ake so in yi? In tsaya bayan labule ina jin ta tana tafiya?”

“Ba wanda ya ce ka yi laifi. Ita ma ba ta ce ba. Cewa ta yi ba za ta iya zama inda za ka ji muryarta ba.”

Haka kuwa aka yi. Daga ranar, in na je Gwiwa, tun daga nesa take gane ƙarar babur ɗina, kafin in kashe shi ta fice ta ƙofar baya ta shige gidan maƙwabta. In durƙusa in gaida ɗaki ba kowa a ciki. Na gwada ajiye babur a bakin kasuwa in tako da ƙafa, sai na ji kunyar kaina, ina farautar uwata kamar ɓarawo, na daina. Maganin da nake aikawa tana sha ba fashi, ta bar filasko, ayaba da lemo da dabino in na aika tana ci, Asabe ke kawo mini labari. Ku ma in an kai ku tana goya ku, tana yi muku wasa. Ni kaɗai ne ba ni da rabo. Na je wurin wani malami a Kazaure, ya ce ba ni da zunubi ko ƙwayar zarra, ceton rai ya wuce komai. Na ce Allah gafarta malam, ai ba zunubi ne ya kawo ni ba. Akwai shekarun da na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi fushi da al'adar, na yi fushi da mai tallar ƙwayar, na yi fushi da Inna kanta, na ce wace irin kunya ce ta fi ɗa. Daga baya fushin ya tafi, sai kewa kawai. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne, in da za a mayar da ni bayan labulen nan, shiga zan sake yi.

Dangi suka ga ɗaki a gyare ba a shiga ba, suka nemi wanda za su ɗora wa, sai suka samu Rabi. Na gaya mata gaskiyar tun farko, na ce zan tara su in yi bayani. Ta riƙe mini riga.

“Malam, kada ka yi. In ka faɗa, ka sake tsiraita ta a gaban kowa. Ni a bar ni da su, ba a mutuwa don zance.”

Kun ji matar da kuke zargi.

Inna ta ƙara fiye da shekara goma a duniya. Wata damina, da safe ina buɗe asibiti, sai ga ɗan aike daga Gwiwa a kan keke, ya ce Kawu yana nemana. Fuskarsa ba ta yi mini ba. Na haɗa jaka, na zuba duk abin da hannuna ya kai, na ɗaure a bayan babur. Hanya ta lalace, na sha faɗuwa a taɓo. Ina shiga unguwar na ga tabarmi a ƙofar gida, maza a zaune, ƙafafunsu da jar lakar maƙabarta. Kawu ya tsufa ƙwarai a lokacin, aka kama shi ya miƙe. Ya ce zawo ne ya kama ta kwanaki kaɗan da suka wuce, irin na damina, jiki ya saki, ƙirjin ya dawo da tuntuɓensa.

“Kwanaki, Kawu? Kwanaki, ina Babura, ba a aiko ba?”

“Ta roƙe ni kada a aiko maka sai an rufe ta. Na yi mata alkawari.”

“Don me, Kawu? Don Allah don me?”

Ya goge ido da bakin rigarsa.

“Ta ce in ka zo, za ka cece ta.”

Aka ba ni wuri a tabarma na zauna, mutane suna ta miƙo mini hannu. Babur yana jingine da katanga inda na bar shi. Ruwan da za a ɗaura mata, da allurarsa da robarsa, duk suna cikin jakar da ke ɗaure a bayansa.